Tafin Inna da Katin Tallafi

Markar bana a Talata Mafara ta wuce wasa. Kwana huɗu ana zuba ruwa ba ƙaƙƙautawa, har na ga kwaɗo da idona ya raɓe a ƙarƙashin baro yana jiran a ɗauke. Katangar maƙwabcina ta jiƙe ta durƙusa kamar raƙumin da ya gaji, ashana ta ƙi kamawa, gishiri ya narke a cikin leda. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san wannan lokaci. Gona kore shar, gero ya fitar da kai amma bai nuna ba, rumbu kuwa in ka leƙa ka yi sallama muryarka ce za ta amsa maka. Ido na ƙoshi, ciki na kuka.

Ranar da ruwan ya ɗan tsagaita na nufi ɗakin Inna, mahaifiyata, sai ƙamshin dafaffen tafasa ya tare ni a bakin ƙofa. Ban san sanda na ja na tsaya ba. Shekaruna hamsin da ɗoriya, gemuna ya soma furfura, har jika gare ni, amma ƙamshin nan ya ɗauke ni cak ya dire ni a tsakar gidanmu na ƙauye, can bayan Dosara, a shekarar da ruwa ya yi mana yaji. Kuma na san abin da ya mayar da Inna ga tafasa bana. Ni ne. Sai dai ku yi haƙuri in faro daga farko, don ni ko ɓatan allura zan ba da labari sai na soma daga ranar da aka haifi maƙerin.

A waccan shekara ban wuce goma sha biyu ba. Ni ne auta, kuma har gobe Auta take kirana, ko a gaban surukaina. Damina ta sauka lafiya lau. Ruwan farko ya zo da la'asar, da iska mai kwashe tabarmi, ƙasa ta tashi da ƙamshin nan da ke sa mutum ya ji kamar ya ɗiba ya ci. Washegari tun kafin rana ta leƙo Baba ya saɓa sungumi. Yana gaba yana sara, mu muna biye da iri a ƙoƙo, mu jefa mu take da diddige. Baba in ya fara sara ba ya waiwaye. Na sha faɗa cewa da ba don iyakar gonar Malam Isa ta tare shi ba, da sai ya shuka gero har cikin kasuwar Bakura.

Noman fari gayya aka yi mana. Samarin gari suka jeru da fartanyu, mai ganga na bin bayansu yana zuga kowa da sunan kakansa, ƙura na tashi, gumi na zuba. Mata suka jero da ƙoren fura a ka, an dama ta da nonon da Fulanin rugar bayan gari suka kawo. Na sha furar ranar har sai da cibiyata ta juyo waje. Da na san abin da ke tafe, da na ɓoye rabi a kunci.

Bayan maimai, wato noma na biyu, sai ruwa ya ɗauke. Kullum hadari zai haɗu a gabas, baƙi ƙirin, mu kwashe shanya muna murna, sai iska ta tattara shi ta yi yamma da shi. Muka ce mutanen Bakura ne suka fi mu iya roƙo. Daga baya muka ji su ma cewa suke yi mu ne muka tare musu. Gero ya naɗe ganyensa, ƙasa ta tsattsage, rana ta tsaya a tsakiyar kai kamar an kafe ta da ƙusa. Aka fita roƙon ruwa, manya da yara, riguna a juye, har awaki aka kora filin. Muka dawo da ƙishirwa.

Rumbunmu shi ne ma'aunin shekarar. Da fari Baba daga bakin rumbu yake miƙa hannu ya jawo dami. Sai ya koma shiga zuwa ƙugu. Sai ya koma shiga gaba ɗaya, muryarsa kawai muke ji tana tambayar Inna ko wannan zai isa. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini, daga nan ya koma kunu, kunun ma ya yi ta tsinkewa har kana hango fuskarka a ciki. Sai tafasa ta karɓi gida. Da hantsi mata su tafi fadama su yago ta, a dafa a matse, a barbaɗa gishiri da ɗan ƙuli in an samu, in ba a samu ba a haɗa da dusa. Cikinmu ya riƙa ƙugi, har Baba ya taɓa fitowa da sauri yana duban sama, ya zaci tsawa ce. To, wannan na ƙara gishiri. Amma kaɗan.

Ana cikin haka labari ya zo an kawo hatsin agaji Maradun. Magidanta suka ɗaura wa jakuna akumari suka tafi, sai bayan kwana uku suka dawo da wata irin masara da ba mu taɓa gani ba. A gindin tsamiyar ƙofar maigari aka raba, da rana tsaka, kowa na kallo. A cika mudu, maigari ya shafe bakinsa da hannu, a kira sunan gida. Ba wanda bai ga abin da aka zuba wa wani ba. Rabonmu Baba ya riƙo shi a ƙirji kamar jariri.

Inna ta durƙusa a dutsen niƙa ta mayar da shi gari. Ta juye a babbar ƙwarya, ta baje saman ya yi sumul, sannan ta buɗe tafin hannunta na dama ta danna a tsakiya. Da ta ɗaga sai ga hannunta kwance a kan gari, yatsu biyar, ƙaramin a karkace, don taɓarya ta taɓa daka mata shi tun tana budurwa. Ta rufe da faifai, ta rataye a ragaya.

"Wanga shi na makullina," in ji ta. "Kowa ya gani?"

Kowa ya gani. Kullum in ta ɗebi na kunu sai ta sake bajewa ta sake dannawa.

Rana ta huɗu, da azahar, Inna tana fadama, Baba yana gona yana kallon sama. Na taka turmi na sauko da ƙwaryar. Na dumbuza sau uku na watsa a baki, busasshe, ya shaƙe ni har na ga taurari, na kora da ruwan randa. Sannan na baje saman da kyau, na ware yatsuna iya warewa don su yi girma, na danna. Na duba aikina na ce duk ƙasar Zamfara ba a haifi mai wayona ba.

Inna ta dawo, ta ajiye tafasa, ta sauke ƙwarya, ta ɗaga faifai. Ta daɗe tana kallo.

"Auta."

"Na'am, Inna."

"Zo ka ga abin mamaki. Yatsana ya miƙe. Shekara ashirin ina neman mai ɗori, ashe ƙwarya ta iya."

Na tsaya ina jiran tsumagiya. Da ma ta dake ni. Ba ta daka ba, ba ta kuma faɗa wa Baba ba. Da magariba ta dama kunu, ta zuba wa kowa daidai yadda ta saba, nata ƙoƙon kuwa ta kife shi a gefe. Baba ya ce, "Ke hwa?" Ta ce, "Na ci nawa da rana, Malam." Ko kallona ba ta yi ba. Ta jawo tafasa ta ci gayanta. Kwana uku ƙoƙon nan yana kife, dumbuza ɗaya kwana ɗaya. Ni kuwa ina shan kununa kai a sunkuye.

Ruwa ya dawo a makare, muka sami abin da muka samu. Har yau ban ci abin da ya kai tumun farko na shekarar daɗi ba, wanda Baba ya karyo ya babbaka mana a bakin gona, muna murzawa da zafinsa muna hura tafi.

Baba ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Ƙauyen ma mun baro shi tun da daji ya ɓaci. Muka ja ƙofa muka fito da abin da kai zai iya ɗauka, rumbu na tsaye yana kallonmu. An ce tsamiyar tana nan. Inna tana ɗaki guda a gidana, amma da sharaɗi: tukunyarta daban. Ta ce tun da ta yi wayo take ci daga hannunta, ba za ta tsufa tana sauraron motsin murhun wata ba, ko da kuwa Luba ce, matata, wadda suke shiri kamar uwa da ɗiya. Shi ya sa da aka rubuta sunanta cikin masu samun tallafi ta yi murna kamar an mayar mata da gona.

Ranar da aka ba ta katin cire kuɗin tallafin ta juya shi gaba da baya.

"Wanga ɗan falle shi na rumbun?"

"Shi na, Inna."

"Ina bakinai?"

Na ce bakinsa lambobi huɗu ne. Inna ba ta karatun boko, don haka ta miƙo mini katin da lambar duka. Mu a wurinmu wannan ba wani abu ba ne. Sautu muka sani. Wanda duk zai je kasuwa, gari guda ke ɗora masa saƙo, wannan gishiri, wannan kanwa, a ƙirga masa kuɗi a bainar jama'a, ya dawo ya raba wa kowa nasa. Ba mu taɓa sanin sautun da ake ɓoye wa ɗan sautu ba.

Ana tsakiyar markar nan saƙo ya shigo wayar Inna cewa tallafi ya sauka. Ranar Talata ce, kasuwa ta cika ta batse. Na sa kati a aljihu na nufi wurin masu na'urar cire kuɗi da ke zama a ƙarƙashin laima. Na tarar da cinkoso. A gefen mai na'urar akwai wani mutum tsaye, farin kaftani tas, ko ɗigon taɓo babu duk da caɓin kasuwa. Tun daga nan ya kamata in yi tunani. Ya tarbe ni da hannu biyu.

"Sannu da zuwa, Alhaji. An wuni lahiya?"

Ni da ko filin jirgi ban taɓa takawa ba, na ji Alhajin nan ya zauna mini daidai.

"Lahiya lau. Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara. Ya iyali? Ya tsohuwa? Ina gajiya? Kamar na san huskar ga wajen Dosara."

Shi ke nan, ya taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Bakina ba shi da linzami. Kafin layi ya zo kaina na ba shi tarihin gidanmu har da jakin Baba. Da aka zo kaina, mutane sun yi yawa tsakanina da teburin, sai ya ce, "Kawo in miƙa maka, Alhaji." Na ba shi. Aka sa kati, aka miƙo mini na'ura. Na bar tabarau a gida, don haka na nisanta ta da fuskata, ina danna lamba ina faɗinta da ƙarfi kamar ɗan aji ɗaya yana biya karatu. Ina jin har masu sayar da shanu a ƙarshen kasuwa sun haddace. Sai mai na'ura ya ce sabis ya ɗauke, in dawo an jima. Mai farin kaftani ya karɓo kati ya danƙa mini a tafi, ya haɗa da addu'a. Na jefa a aljihu na tafi rumfar masu goro na buɗe sabuwar hira.

Kafin la'asar Luba ta kira ni. Ta ce saƙo ya shigo wayar Inna, an cire kuɗi kaf. Na ce ƙarya ne, ga kati a aljihuna. Na zaro. Launi ɗaya, girma ɗaya, amma sunan da ke jiki na wani ne can daban. Mataccen kati ya musanya mini. Na koma wurin mai na'ura a guje, takalmina ɗaya ya maƙale a taɓo ban tsaya ba.

"Ina yaronka mai farin kaftani?"

"Yarona? Baba, ni hwa na ɗauka tare kuke. Yadda kunka gaisa, na ce ko ƙaninka na."

Ni na zaci nasa ne, shi ya zaci nawa ne. Gaisuwa ce kawai jarin mutumin nan.

Na iske Inna a bakin ƙofarta tana tsince wake. Na durƙusa na faɗa mata. Ban ƙara gishiri ko ƙwaya ɗaya ba, karo na farko a rayuwata. Ta ɗago kai ta ce, "Ya bar sawu?"

A ƙauye in aka sace akuya, mai bin sawu ake kira. Ya duƙa ya duba ƙasa ya ce mutum ne dogo, yana ɗingisa ƙafar hagu, ya yi wajen gulbi, kafin azahar an iske shi yana fiɗa.

"Babu sawu, Inna."

"To."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Da magariba Luba ta kai mata tuwo da miyar kuka. Ta karɓa ta yi godiya, ta kira jikoki ta ajiye musu. Luba ta ce, "Inna, ke hwa?" Ina tsaye a bayan ƙyaure na ji amsar.

"Na ci nawa a kasuwa, ɗiyata."

Washegari ta zaga bayan gida ta yago tafasa. Ƙamshin da ya tsayar da ni ke nan. Shekara arba'in, ƙoƙon nan ya sake kifewa, kuma hannun da ya jawo kifewarsa bai sake ba, nawa ne.

Luba ce ta farkar da ni daga zaman tagumi. Ta ce kati na hannun ɓarawo, lamba na kansa, in wani tallafin ya sauka shi zai sake kwashewa. Ashe ba ƙwarya ɗaya na ba shi ba, rumbun na ba shi da tsani. Na ɗora Inna a keke mai ƙafa uku cikin yayyafi muka tafi banki. Aka haɗa mu da wata ma'aikaciya, yarinya mai tabarau, sa'ar ɗiyata ta fari. Ta saurare ni har ƙarshe ba ta yi dariya ba, Allah ya yi mata albarka. Nan take ta rufe tsohon katin, ta rubuta ƙorafinmu. Na abin da aka kwashe ta ce za a bincika. Ana nan ana bincikawa.

Sannan ta juya ga Inna, ta bar ni zaune kamar buhu.

"Inna, kati kada ya bar hannunki. Ke za ki sa shi, ke za ki zare. Ki yi mai alama don ki gane naki. In kina danna lamba ki ruhe hannunki. In wani ya kira waya ya ce daga ohishin tallahi yake, za a ƙara miki kuɗi, ki hwaɗi lamba, ki kashe wayar, komi daɗin gaisuwa tai. Mu ba mu tambayar lamba. Lambar ga ba ta da ɗan'uwa."

Inna ta nuna ni da haɓa. "Ko shi?"

Yarinyar ta dube ni ta saman tabarau. "Balle shi."

"Madalla. Wanga shi na ɓarawona na hwarko."

Bayan mako biyu sabon kati ya fito. Matsalar ita ce yadda wadda ba ta san ɗaya da tara a rubuce ba za ta riƙe lamba. Yarinyar ta ajiye mata na'ura ta ce kada ta damu da rubutun, ta dubi jerin kawai, uku-uku ne. Inna ta sa ido, ta ce, "Ashe ramukan shuka na." Ta zaɓi ramuka huɗu da za ta jefa iri. Aka ce in juya in kalli bango. Na juya, ni da gemuna, ina karanta kalanda. Yarinyar ma ta kau da kai. Ƙit, ƙit, ƙit, ƙit, na ji Inna tana shuka. Da muka dawo gida ta karɓi jan farcen jikarta ta ɗiga a kusurwar katin.

Da tallafi na gaba ya sauka da ƙafarta ta je. Aikina riƙe laima. Wani ya matso zai gaishe ta, ta ce ya bari sai ta gama. Ta lulluɓe kanta da na'urar da mayafi gaba ɗaya, har mai na'ura ya ce, "Inna, a bar mata ƙohwar numhwashi." Ta fito da kuɗinta, ta duba jan ɗigonta, ta ƙulle a bakin zane. Ta auno gero da kanta, ta ƙi yarda in ɗauka sai da muka fita kasuwa.

Juma'ar da ta wuce na shiga ɗakinta da hantsi, tana waje tana wanke ludayi. A kusurwa na ga ƙwarya rufe da faifai. Na san bai kamata ba, amma hali zanen dutse. Na ɗaga. Garin gero ne, an baje shi sumul, kusurwar leda ta ɗan leƙo daga ƙasa inda aka binne kati. A tsakiya ga tafin Inna, yatsu biyar, ƙaramin a karkace.

Na ɗora hannuna a sama ban taɓa ba. A da sai na ware yatsu nake kamo girmansa. Yanzu nawa ya rufe shi ruf har da saura. Na ji ƙurar gayya, na ji muryar Baba daga cikin rumbu, na ji kamar in na waiwaya zan ga turmin da na taka.

"Gwada mana, Auta," in ji ta daga bakin ƙofa. "Yatsan bai miƙe ba har yau."

Na mayar da faifai a hankali. Na miƙe zan fita.

"Zamna," ta ce. "Na dama kunu."

Ƙoƙo biyu ta ɗauko. Ba ta kife ko ɗaya ba.